Kuɗin Kirifto: A Hannun Wa Amanar Take?



Batun yau shi ne kuɗin intanet, wanda yaran zamani ke kira kirifto. Shekaru goma da suka wuce, in aka ambace shi a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, sai a ɗauka tatsuniya ce. Yau kuwa zancensa ya shiga shaguna, ya shiga ofisoshi, ya shiga har cikin gidaje, inda yara ke kwana suna latsa waya wai suna haƙar kuɗi. Wani ya samu, wani ya rasa jarinsa, wani kuma yana nan riƙe da albashin wata yana tunanin ko ya zuba.

Masu tallata kirifto suna da kirari guda da suke yi masa. Suna cewa kuɗi ne da ba ya bukatar a amince wa kowa, babu banki, babu gwamnati, babu dillali. Abin da wannan jawabi zai nuna shi ne amanar tana nan daram. Tashi ta yi daga hannun mutumin da aka san gidansa, ta koma hannun wanda ba a taɓa gani ba, kuma mafi yawan asarar da aka tafka a wannan kasuwa a daidai wannan gaɓa aka tafka ta.

Daga wuri zuwa sefa

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wurin nan daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, ba a cinsa, ba a sha, amma kakanni sun sayi doki da gero da shi, don kowa ya yarda cewa gobe wani zai karɓa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Tasawa zuwa Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa guda. A cikin waɗannan shekaru ne kamfanonin Jamus suka shiga ɗebo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar suna jibgewa a Legas da Wida. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta zubewa, har ta kai ga ladan masu ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana neman cinye kayan. Wanda ya tara wuri a rumbu ya wayi gari da tarin bawon teku.

Ba sai an je nesa haka ba. Akwai masu furfura a wannan zaure da ke tuna 1990, lokacin da bankin BDRN ya durƙushe da ajiyar mutane a cikinsa. Suna tuna 11 ga Janairu 1994, ranar da aka sanar daga Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ke kan sefa 50 ya kwana sefa 100, magani da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. Ma'aikata na tuna watannin da suka yi ta bin gwamnati bashin albashi. Na baya-bayan nan kuma, bayan 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya rufe iyakoki, ya toshe hanyoyin kuɗi, mutum ya je banki neman abinsa a ba shi ɗan abin da ya samu, har zuwa 24 ga Fabrairu 2024 da aka ɗage takunkumin.

Saboda haka wanda ya ga ɗan kasuwa yana neman wata mafaka ga dukiyarsa, kada ya yi saurin kiransa mai kwaɗayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Bitcoin yake

A Oktoba 2008, ana tsakiyar rikicin bankunan Amurka, wani mai ɓoyayyen suna Satoshi Nakamoto ya fitar da ƴar takarda mai shafi 9. Ranar 3 ga Janairu 2009 Bitcoin ya fara aiki. Dabarar ita ce littafin lissafi guda, irin wanda uwar adashe ke rubuta zubi a ciki, sai dai wannan littafi an kwafe shi a dubban kwamfutoci a faɗin duniya. Duk bayan kimanin minti 10 ana ƙara shafi, a rubuta cewa wane ya tura wa wane kaza. Tun da kowa na da kwafi, ba mai iya shafe layi shi kaɗai. Masu ƙara shafin su ne ake kira mahaƙa. Suna kashe lantarki mai yawan gaske, ana biyansu da sabon Bitcoin. Ladan shafi guda Bitcoin 50 ne a farko, ana raba shi biyu kusan duk shekara huɗu, kuma tun Afirilu 2024 ya koma 3.125. Dokar tsarin ta ce ba za a taɓa wuce miliyan 21 ba, an kuwa riga an fitar da sama da miliyan 19.

Wannan iyaka ita ce ƙarfin Bitcoin: ba wani jirgin Zanzibar da zai ƙaro shi. A yi masa adalci, littafin nasa ya jure, shekara goma sha da yawa yana aiki. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, iyakar ta Bitcoin ce shi kaɗai. Kowane matashi mai kwamfuta na iya ƙirƙiro nasa sulallan ya raɗa musu suna, an kuma ƙirƙiri dubbai a kan dubbai, mafi yawansu sun mutu. Na biyu, Bitcoin ba ya haihuwa. Gona tana ba da amfani, gida yana kawo kuɗin haya, tunkiya tana haihuwa, hannun jari a kamfani yana kawo rabon riba. Wanda ya sayi Bitcoin ba shi da wata hanyar riba sai dai wani ya zo daga baya ya saya da tsada fiye da yadda shi ya saya.

Kasuwar da ba ta tashi

Ga yadda farashin ya yi tafiya, da dalar Amurka, ba dalar kasuwar nan mai sefa 5 ba. A Disamba 2017 Bitcoin guda ya kusa 20,000. Shekara guda bayan haka yana wajen 3,200. A Nuwamba 2021 ya kusa 69,000, a Nuwamba 2022 ya sauko ƙasa da 16,000. A Disamba 2024 ya haura 100,000, a farkon Oktoba 2025 ya taɓa 126,000, sa'an nan ya sake gangarowa ƙasa da 90,000 kafin shekarar ta ƙare.

Wanda ya saya tun da wuri ya riƙe, ya yi arziki, wannan ba a musu. Amma a ɗauki ma'aikacin da ya ji labari a Nuwamba 2021, lokacin da kowa ke zancen, ya zuba jika 100. Bayan shekara guda abin da ke hannunsa bai wuce jika 23 na darajar dala ba. In yana da ikon jira, ya jira har 2024 kafin kuɗinsa ya dawo. In kuwa kuɗin makarantar yara ne ko na ragon layya, ba ya iya jira, ya sayar da asara. Akwai kuma wani lissafi da ake mantawa da shi: abin da ya faɗi da kashi 50 cikin 100, sai ya tashi da kashi 100 cikin 100 kafin a dawo inda aka fara.

Wannan halin mai saye ya ajiye ke nan. Mai ciniki kullum, wanda ke zaune gaban waya yana hasashen tashi da faɗuwa, nasa ya fi muni, domin dandalin ciniki yana yi masa tayin rance. Ya ajiye jika 100, a ba shi damar yin ciniki da ninki 20, watau sefa miliyan 2. In farashi ya tashi da kashi 5 cikin 100, ya ninka kuɗinsa. In ya sauka da kashi 5 cikin 100, na'ura ta sayar da kayansa ba tare da ta tambaye shi ba, jika 100 ɗin nan ta tafi baki ɗaya. Motsin kashi 5 kuwa a wannan kasuwa abu ne da kan faru tsakanin azahar da la'asar. La'adar dandalin kuma a kan miliyan 2 ake lissafa ta, ko an ci ko an faɗi. Ranar 10 ga Oktoba 2025, cikin kwana guda, an share irin wannan ciniki na wajen dalar Amurka miliyar 19.

Kasuwar ba ta tashi, dare da rana, Juma'a da Lahadi. Tun Janairu 2024 da hukumar hannun jari ta Amurka ta ba manyan kamfanoni irin BlackRock izinin sayar wa jama'a asusun Bitcoin, ƙattin masu kuɗi sun ƙara cika ta. Malamin makaranta da ke Tawa, da wayarsa da intanet mai yankewa, da waɗannan yake zuba ciniki, da na'urorinsu masu saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido.

Dalar waya da fataucin iyaka

Akwai wani kirifto da ya fi shafar ɗan kasuwa, shi ne wanda aka ɗaure da dalar Amurka don kada farashinsa ya riƙa rawa. Mafi shahara shi ne USDT na kamfanin Tether, wanda abin da ke yawo nasa ya wuce dala miliyar 150 a 2025, ninkin-ba-ninkin abin da Nijar ke samarwa a shekara.

Dalilin karɓuwarsa a bayyane yake ga duk mai bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela. A Mayu 2023 dala guda tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya kai wake ko shanu Najeriya aka biya shi da naira, in ya yi jinkirin canji sai ribarsa ta narke a aljihu. Wanda ke son biyan mai kaya a Dubai ko Gwanju ta ƙasar Sin yana fama da takardu da jiran banki. Da USDT ana tura kuɗi cikin mintoci da ɗan ƙaramin caji. Shi ya sa kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen amfani da kirifto a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta cewa wajen dala miliyar 59 ta shiga ƙasar ta wannan hanya tsakanin Yuli 2023 da Yuni 2024. Abin da ya ci kasuwa a Kantin Kwari da Wapa ba ya daɗewa bai iso Maraɗi ba.

Amfanin gaskiya ne. To, amma mene ne USDT? Takardar alkawari ce: kamfani ya ce kowane guda da ya fitar, yana da dala guda ko kwatankwacinta a ajiye. Mai riƙe da ita a Damagaram bai ga rumbun ba. A Oktoba 2021 wata hukumar Amurka ta ci Tether tarar dala miliyan 41 saboda ya faɗi abin da ba haka yake ba game da ajiyar tasa a shekarun baya. Kamfanin yana kuma da ikon daskarar da kuɗin kowane asusu, yana kuwa yi in hukumomi suka nema. Abokin gasarsa USDC ya sauko ƙasa da santi 90 a Maris 2023, da bankin da ya ajiye wani kaso na kuɗinsa ya rushe, kafin ya farfaɗo. Wani kuma, UST na Terra, wanda babu dalar gaske a bayansa amma yana alkawarin ribar kusan kashi 20 cikin 100 a shekara, ya ruguje a Mayu 2022 da dukiyar wajen dala miliyar 40.

Ɗan kasuwa ya kuma tuna cewa dokar canji ta UEMOA ta tanadi biyan kuɗin manyan kaya zuwa waje ta hanyar banki. Wanda ya biya ta waya, ranar da duwan ko ma'aikatan haraji suka nemi shaida, ko mai kaya ya ce bai ga kuɗi ba, wace takarda zai nuna? In kuma aka yi kuskure aka tura zuwa wani adireshin daban, kuɗin ya tafi, babu ofishin da za a je a yi kuka.

Kura da ajiyar nama

A tsarin fatauci na gargajiya, baƙo yana sauka gidan fatoma, ya ba shi ajiya, ya dogara da shi. Fatoman yana da gida da iyali da suna a garin. In ya ci amana, akwai sarkin kasuwa, akwai alƙali, akwai kunyar da za ta bi ƴaƴansa. A kirifto, dandalin ciniki shi ne fatoma. Mafi yawan mutane ba su riƙe kuɗinsu a cikin littafin nan mai dubban kwafi. Lamba kawai suke gani a waya, kuɗin yana hannun kamfani.

A Fabrairu 2014 dandalin Mt. Gox na Japan, mafi girma a lokacin, ya rufe, ya ce Bitcoin 850,000 sun ɓace. A Nuwamba 2022 FTX, wanda taurarin wasanni ke yi wa talla, ya rushe cikin mako guda. An gano mai shi, Sam Bankman-Fried, ya karkatar da wajen dala miliyar 8 na masu ajiya, aka yanke masa shekara 25 a Maris 2024. Sai a 2025 aka fara biyan mutane, da farashin ranar rushewa, ba da farashin ranar biya ba. A Fabrairu 2025 ɓarayin intanet sun kwashe kusan dala miliyar 1.5 daga Bybit a rana guda. A duk waɗannan ba littafin aka fasa ba, mai ajiya ne ya gaza ko ya ci amana.

Akwai mafita: mutum ya riƙe mabuɗinsa da kansa, watau kalmomi 12 ko 24 da ke buɗe lalitarsa. Nan ma akwai nauyi. Wanda ya ga kalmomin ya mallaki kuɗin. In suka ɓace, kuɗin ya ɓace har abada. In mai su ya rasu bai gaya wa kowa ba, magada ba su da abin rabawa, ko da alƙali ya yanke hukunci sau goma. Musulmin da ya san cewa dukiyarsa akwai haƙƙin marayu a cikinta, ya kamata wannan ya hana shi barci.

Tsohuwar damfara da sabuwar riga

Kaso mafi girma na abin da ake tallatawa a garuruwan nan da sunan kirifto ba ciniki ba ne ko kaɗan. A Benin, a 2010, ICC Services ya rushe da ajiyar jama'a da aka ƙiyasta ta wuce sefa miliyar 150, ba tare da an ambaci kirifto ba. A Najeriya MMM na Sergei Mavrodi ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya daskarar da asusun mutane a Disamba 2016. OneCoin na Ruja Ignatova ya tara miliyoyin dubbai a duniya alhali ba shi da littafin lissafin ma; matar ta ɓace tun 2017. A Afirilu 2025 CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan wai na'ura ce ke yi wa mutane ciniki, ya rufe, har fusatattu suka fasa ofishinsa a Ibadan.

Salon guda ne. Kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi. Na farko ya karɓa, ya sayi babur, ya zama shaida, ya jawo ƙaninsa da surukinsa da limamin unguwa, don ana ba shi lada a kan duk wanda ya kawo. Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin. In da gaske jika 10 na ninkuwa duk wata, bayan shekara guda ta zama sefa miliyan 40 da ɗoriya. Bayan shekara biyu ta kusa miliyar 168. Kafin shekara biyu da rabi ta wuce kasafin kuɗin ƙasar Nijar na shekara, wanda ke wajen miliyar 3,000. Mai irin wannan na'ura me zai yi da jika 10 ta malamin asibiti? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai kuma latse-latsen waya da yara ke kira mainin. Hamster Kombat ya ce yana da ƴan wasa miliyan 300. Da aka yi rabo a Satumba 2024, mafi yawansu abin da suka samu bai kai kuɗin intanet ɗin da suka kashe ba. Pi, bayan an yi shekara shida ana latsawa, ya shiga kasuwa a Fabrairu 2025, ya kusa dala 3, kafin ƙarshen shekarar ya koma ƙasa da santi 30. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: masu manhajar sun sami talla da bayanan mutane, yara sun rasa lokacin karatu.

Gwamnatoci da malamai

Najeriya ta gwada kusan kowace hanya. A Fabrairu 2021 babban bankinta ya hana bankuna hulɗa da kirifto. Ciniki bai tsaya ba, ya koma hannu-da-hannu tsakanin mutane, inda gwamnati ba ta gani. A Oktoba 2021 ta fitar da eNaira, jama'a suka yi biris da ita. A Disamba 2023 aka janye hanin. A Fabrairu 2024, da naira ke zubewa, gwamnan babban banki Olayemi Cardoso ya ce dala miliyar 26 ta ratsa ta Binance a shekara guda ba a san masu ita ba. Aka tsare jami'an kamfanin biyu, ɗaya ya tsere, ɗaya aka sake shi a Oktoba, kamfanin kuma ya daina hulɗa da naira. A ƙarshe, a Maris 2025, aka sa hannu a dokar da ta sa kirifto ƙarƙashin hukumar hannun jari, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu damfarar ninka kuɗi. Shekara huɗu aka ɓata kafin a iso nan.

Wasu sun bi ta ɗaya gefen. Salbado ta mai da Bitcoin kuɗin ƙasa a Satumba 2021. A Janairu 2025, don samun rancen dala miliyar 1.4 daga FMI, ta soke tilasta karɓarsa. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, mai amfani da sefa ta yankin BEAC, ta yi haka a Afirilu 2022, a ƙasar da mafi yawan jama'a ba su da lantarki balle intanet. A Maris 2023 majalisarta ta janye. Masu ganin cewa kirifto ne gajeriyar hanyar ƴancin kuɗi, su dubi Bangi. Wanda ya bar sefa ya rungumi USDT, dalar Amurka ya runguma, ta hannun kamfanin da ba ya amsa tambayar kowa a Yamai.

Malaman addini ma ba su haɗu a kan magana guda ba. Muftin Masar Shawki Allam ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018. Majalisar malaman Indunusiya ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a Nuwamba 2021. Majalisar shari'a ta hukumar hannun jarin Maleshiya kuwa ta halatta cinikinsa a dandalin da aka yi wa rajista a 2020. Amma riba da caca da garari babu saɓani a kan haramcinsu, kuma cinikin ninki 20 da alkawarin ninka kuɗi a wata ba su da wurin ɓuya daga waɗannan.

Abin da ya rage

A kan hukumomi akwai aiki. Hani kurum ya gaza a Najeriya, babu dalilin da zai sa ya yi nasara a Nijar, mai iyakar kilomita 1,500 da ita. Abin da ake bukata daga BCEAO da ma'aikatar kuɗi shi ne a san masu canjin kirifto da sunansu da adireshinsu, a tilasta musu raba ajiyar jama'a da kuɗinsu, a riƙa sanar da sunayen ƴan damfara a rediyo da Hausa da Zabarmanci tun kafin su rufe ofis, a kuma horar da ƴan sanda da alƙalai. Sama da duka, a toshe tsagar bangon: a sauƙaƙa wa ɗan kasuwa biyan mai kayansa ta banki cikin kwana biyu, a biya albashi a kan kari. In hanyar halas ta yi sauƙi, ɓarauniyar hanya ba ta samun matafiya.

Shi kuma mai kuɗi, kafin ya latsa, ya yi wa kansa tambayoyin da kowane Alhaji ke yi kafin ya ba baƙo kaya bashi. Wa ke riƙe da kuɗin, shi ko wani? Ribar da aka ambata, daga aljihun wa za ta fito? In abin ya ɓaci, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? Ajiyar banki a yankin UMOA tana da asusun lamuni da ke biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 in banki ya rushe. Kirifto ba ya cikin wannan lamuni. Wanda ya ji amsoshin ya ga zai iya, to ya shiga da abin da in ya ɓace gidansa ba zai kwana da yunwa ba. Kada ya shiga da bashi, ko jarin shago, ko kuɗin adashe, ko ajiyar wani. Wanda ke amfani da USDT don biyan kaya, ya mai da shi kwalekwalen tsallake gulbi, ya sauka da zarar ya kai gaci, ya kuma adana shaidar kowane ciniki. Wanda ya riƙe mabuɗi, ya rubuta shi a takarda, ya bar wasiyya. Wanda kuma aka zo masa da alkawarin riba tabbatacciya, ko da ɗan'uwansa ne na jini ya kawo, ya tuna cewa shi ma ɗan'uwan wani ne ya kawo masa.

Mutanen Katsinar Maraɗi da Damagaram da Adar sun yi ƙarnuka suna fatauci daga Gwanja zuwa Tarabulus da abu guda, sanin wanda za a ba amana. Na'ura ba ta soke wannan ilimi ba, kuma babu kasuwar da ta fi wannan bukatarsa.

Allah ya tsare dukiyar bayinsa, ya sa albarka a nema.